Tashar Kawu Machumu Ba Ta Wuce Turken Awaki Ba

Kawuna Machumu ya tafi birnin Mwanza da saƙon mutuwa a baki, ya dawo da farar igiya a kunne. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Yayana Bituro ruwa ne ya ci shi farkon damina, a tafkin nan da ya ciyar da mu tun muna rarrafe. Mun binne shi a bayan gida, dangi suka zo suka yi kwanakinsu suka watse. Sai dai Bituro yana da wasu dangin da ba mu taɓa haɗuwa da su ba. Shi ɗan gaishe-gaishen rediyo ne. Duk Lahadi da la'asar, in aka buɗe filin gaisuwa a gidan rediyon birni, sai ka ji sunansa. Ba sunan da Mama ta raɗa masa ba, wanda ya raɗa wa kansa: Fitilar Tafki na Ukerewe, wato tsibirinmu. Ya gaida Uwar Tagwaye ta Geita, ya gaida Direba Ba Birki na Musoma, ya gaida Malam Farin Alli na Bukoba, su ma su rama. Shekara da shekaru suna haka.

Su ba su ji ba. Ta ina za su ji? Rasuwar Bituro aka sanar, su kuwa ba su san wani Bituro ba. Lahadi na zagayowa sai mu ji Uwar Tagwaye tana cewa, "Fitilar Tafki, aure ka yi ka manta da mu, ko kananzir ne ya ƙare?" Mama takan ajiye abin da ke hannunta ta ƙura wa rediyon ido. Ba ta kashe shi, ba ta kuka. Ni ne nake tashi in tafi bakin ruwa.

Da addu'ar arba'in ta matso, ta kira ƙanenta.

"Machumu, kai ne babban namijin da ya rage mini. Ka shiga jirgin ruwa ka je gidan rediyon nan ka faɗa musu da bakinka. Sunan da suka sani za ka faɗa. Ba na son a yi ta kiran ɗana yana kwance. Wanda zai iya zuwa addu'a, ya zo."

Na ce ko a buga waya kawai. Kawu ya dube ni kamar na saki tusa a coci.

"Mutuwa ce za a sanar ta waya kamar cinikin kifi? Magesa, akwai maganar da sai da kwat."

Ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, ya tafi.

Ranar da ya dawo, tun daga kan jirgi muka hango shi yana gyaɗa kai shi kaɗai kamar ƙadangare. Farar igiya ta fito daga kunnuwansa biyu ta shige aljihu. Baba Mafuru, mai shagon bakin ruwa, wanda suka yi yarinta tare da Kawu kuma ba su taɓa yarda a kan magana ɗaya ba, ya leƙo ta taga.

"Sannu Machumu! A asibitin birni yanzu ta kunne suke ƙarin ruwa?"

"ME KA CE?" in ji Kawu, da ƙarfin da ya sa kaji suka watse.

"Na ce Allah ya ba ka lafiya!"

"WAƘA DUBU!" Kawu ya zaro wani ɗan abu kamar akwatin ashana ya ɗaga sama. Sai da ya cire igiyar muryarsa ta dawo ta mutane. "Waƙa dubu a cikin wannan, Mafuru. Wadda nake so, lokacin da nake so. A birni ba mai sauraron rediyo sai masu gadi. Rediyo ya mutu, sanarwa ce kawai ba a yi ba."

A gida Mama ba ta kalli akwatin ashana ba. Ta zuba masa ruwan wanke hannu ta ce, "Ka faɗa musu?"

"Yaya, zauna ki ji. Na je har ƙofarsu. Na ga layi, na ga yara masu ɗaurin wuya suna raina manya. Na ce ni, Machumu, in tsaya in roƙa a cusa sunan ɗan yayata tsakanin tallan sabulu da tallan maganin tsutsar ciki? Haba. Gidan rediyo sukutum na sayo mana."

Ya zaro abu na biyu, wani baƙin ƙulli kamar kan lofe, da 'yar taga mai nuna lamba. Ya sa na kinkimo batirin mota da muke cajin waya da shi. Ya murɗa waya nan, ya murɗa can, ya haɗa ƙullin da akwatin ashana, sannan ya ɗauki rediyon Mama ya juya shi zuwa lambar da ke haskawa. Sai ga kiɗa ya ɓarke daga cikin rediyon, garau, ba ko tari.

Gaskiya abin ya ba mu mamaki. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Kawu ya hau kan turmi ya gyara kwat.

"Daga yau kuna sauraron Muryar Machumu, mai watsa shirye-shiryenta daga Ukerewe zuwa Kenya da Uganda da kewaye!"

Baba Mafuru ya matso. Rediyon kawai ya ɗauka ya fara takawa zuwa ƙofar gida. Kiɗa na tashi. Ya wuce murhu, kiɗa na tashi. Ya iso turken awaki, rediyo ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya koma shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ja baya, kiɗa ya dawo. Ya matsa gaba, shuuu.

"Ashe Kenya ta matso," in ji shi. "Jama'a, ga iyaka nan, daidai gindin bunsuru."

"Bunsurun ne ke tare iska!" in ji Kawu. "Wari nauyi gare shi. Kai da ba ka yi kimiyya ba ina za ka sani?"

"Kai a ina ka yi ta?"

"A jirgi. Akwai wani fasinja mai tabarau."

Aka ɗaure bunsuru a gidan maƙwabta. Iyaka ba ta motsa ba.

Washegari Kawu ya ce kafin a gyara nisa sai an ɗauki sanarwa, don akwatin ashana yana ɗaukar magana ya ajiye. Ya zauna a inuwa, ya yi gyaran murya sau da yawa, ya danna.

"Ni ne Machumu, tsohon mataimakin mai yankan tikiti a jirgin ruwa, shugaban kwamitin ɗaurin aure har sau biyu, wanda ya taɓa gaisawa da hakimin gunduma hannu da hannu, nake baƙin cikin..."

Zakara ya yi cara a kan kafaɗarsa. Aka sake. Wannan karon ya ƙara cewa shi ne ya fara sa takalmi mai igiya a unguwarmu. Yana isa "baƙin cikin", bunsuru ya tsinke igiya ya dawo gida da kuka. Aka sake. Ya tuna bai ambaci gonar lemunsa ba. Har rana ta karkata yana ɗauka, kowace ɗauka ta fi ta baya tsawo, kuma ba wadda ta kai ga sunan yayana. Kullum a bakin sunan wani abu zai faru, in babu abin da ya faru sai tari ya kama shi.

"Kawu, ko in faɗa?"

"Muryarka ba ta rediyo ba ce. Siririya ce, iska za ta karya ta kafin Musoma."

Daga nan ya koma kan nisa. Ya ce duk gidan rediyon kirki da dogon ƙarfe a kansa. Ya kwance wayar shanyar Mama, da kayan a jiƙe, ya ɗaura bakinta a ƙullin, ya riƙe ɗaya bakin da haƙora ya hau mangwaro. Da kwat. Na ce ya cire, ya ce injiniya ba ya aiki tsirara.

Mangwaronmu kuwa gidan jajayen tururuwan nan ne masu ɗinke ganye. Sun bar shi ya kai har reshen sama, don suna da haƙuri. Sannan suka shiga ta ƙafar wando.

Ban taɓa sanin Kawu ya iya rawa ba. Reshe na lilo, ɗanyen mangwaro na zubowa, shi kuwa yana marin cinyoyinsa yana kiran waliyyai da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka sauke bokitai. Baba Mafuru ya rufe shago ya zo da kujerarsa.

"Wane shiri ne wannan, Machumu? Motsa jiki?"

"Ku juya baya! Mata su juya baya!"

Wandon ne ya fara saukowa. Mai wandon ya biyo shi daga baya, da ganye a ka. Da aka gwada rediyo, sai ya zama ko turken awaki ba ya kaiwa, sai ka tsaya a gindin bishiyar sosai.

"An ci gaba," in ji Baba Mafuru. "Da dabbobi kaɗai ke ji. Yanzu har tsuntsaye."

Da wani ne, da ya daddara. Kawu kuwa yana shafa man kaɗe a inda ba a faɗa, sai ya buga cinya ya yi ƙara, don ya manta da cizon.

"Na gane! In murya ba ta zuwa wurin mutane, tasha ce za ta je."

Aka ɗaure batir a bayan kekensa da tsohon taru. Ya aika yara gida-gida su ce kowa ya juya rediyonsa zuwa lambar Machumu ya jira. Mutanenmu ba sa ƙin kallo kyauta, kowa ya fito ƙofa da rediyo a cinya. Kawu ya hau, ni ina turawa, don batirin ya fi shi nauyi.

Abin da ba mu sani ba shi ne, garin faɗa da tururuwa ya danne wani maɓalli. Tun daga nan akwatin ashana ya daina bin layi, abin da ya ga dama yake sakowa. A ƙofar malamin coci, yana zaune da baƙi daga wata majami'a, sai ya saki kiɗan Kwango irin wanda ake karya ƙugu da shi. A rumfar mai giyar ayaba ya saki waƙar jana'iza, har wani mashayi ya cire hula ya fashe da kuka yana tambayar ko shi ne ya mutu. Kowane gida guntun magana yake samu kafin mu wuce. Wata tsohuwa ta ji "mai yankan tikiti a jirgin ruwa" kawai, ta ɗaure kayanta ta tafi bakin ruwa ta wuni tana jiran jirgi. Wani ya ji "ɗaurin aure har sau biyu", ya aiko tambayar wace ce amaryar.

"Ka ga yadda saƙo ke shiga jama'a?" in ji Kawu, yana ɗaga wa mutane hannu biyu.

"Kawu, riƙe kan keken."

"Ni da na tuƙa keke tun kafin a haifi ubanka..."

A nan hanya ta gangara. Batir ya tura, keke ya ƙwace daga hannuna. Na ga bayan kwat yana kaɗawa kamar tuta, na ji Muryar Machumu tana wucewa ta rediyon mutane, nan ta ɗauka can ta saki, har ya isa faffaɗan dutsen da mata ke shanya rogo. Ya shiga ta tsakiya. Ƙura fara ta tashi sama. Da ta lafa, ga Kawu zaune cikin rogon gida uku, fari fat tun daga gira har takalmi, ruwan batir ya cinye rabin bayan kwat. Masu rogo suka iso da muciya. Ya yi musu bayanin kimiyya, su ma suka yi masa nasu.

Da yamma Mama ta kawo masa tuwo da miyar ƙananan kifi. Ta jira ya ci loma biyu.

"Sun ji?"

"Suna kan ji, Yaya. Iska ba ta sauri."

"Gobe Lahadi. Ita ce ta ƙarshe kafin addu'a."

Ta shige ɗaki. Ni na zauna ina kallon masunta suna tura kwale-kwale, rana na faɗawa ruwa, fitilunsu na kamawa ɗaya bayan ɗaya har tafkin ya zama kamar gari. Akwai wurin da idona ke zuwa kullum, gefen hagu kusa da duwatsu, inda haske ɗaya ya saba tsayawa. Kawu ma can yake kallo. Sai kuma ya miƙe zumbur.

"Kwale-kwale in yana son zuwa Mwanza da sauri, me yake yi?"

"Ya sa inji."

"Wawa. A bayan jirgi ake ɗaura shi. Gobe zan saita lambata daidai kan lambar gidan rediyon birni, lokacin gaishe-gaishe. In na hau bayansu, su da kansu za su ja muryata har Bukoba. Kuma ta rediyon Mafuru zan shiga, don babban rediyo babbar hanya gare shi."

Baba Mafuru ya ce in Kawu ya matso shagonsa da wannan tarkace zai jefa su ruwa, shi da tarkacen. Don haka Kawu ya lallaɓa tun da hantsi ya shige ƙarƙashin wani kwale-kwale da aka kife a bayan shagon, da batir da komai.

La'asar ta yi, bakin ruwa ya cika kamar kullum. Masu gyaran taru sun baje, masu shayi sun hura wuta, lasifikar Baba Mafuru na rataye a ƙusa. Mama ta zo da baƙin zanenta ta zauna a kan benci, don Kawu ya rantse mata yau za a ji. A gaba kuwa Nyamisi ce, dillaliyar kifi, macen da in ta yi ciniki masunta ke ƙirga yatsunsu bayan ta tafi. Ta ci ado, ta taho da ƙawaye. Sati guda tana shelar cewa saurayinta da ke haƙar zinariya a Geita zai aiko mata da magana ta rediyo, maganar da kowa ya san irinta.

"Ya manta da ke," in ji Baba Mafuru. "A rami ba a tuna mace."

"Baba, ka kula da sukarinka da ƙuda ke ci. Yau za ka ji."

Aka buɗe fili. Mai gabatarwa, Anti Zawadi, ta karanta gaisuwar wannan ta ɗauki wayar wancan. Can sai ta ce, "To, ga wani saƙo mai zafi daga ramin zinariya a Geita, zuwa ga Nyamisi mai kifi a Ukerewe. Ya ce in faɗa mata a gaban duniya cewa..."

Ƙurrr.

"Meeeee!" in ji lasifika.

Sai muryar Kawu: "...hannu da hannu, nake baƙin cikin... wane ɗan banza ne ya saki bunsurun nan?"

Nyamisi ta miƙe tsaye. Kafin ta buɗe baki, akwatin ashana ya yi tsalle zuwa wani abin. Hayaniyar kasuwa ce, da hon na motoci, da muryar wani saurayi da ba mu sani ba.

"Ka gani, Baba, in ka danna nan yana ɗaukar magana. Yanzu haka ma yana ɗaukar mu."

"To wannan baƙin ƙullin fa?" Muryar Kawu ce. "Zai kai Kenya?"

"Kenya? Baba, na mota ne. Daga kujerar gaba zuwa ta baya."

"A ƙauye iska ta fi yawa, zai ƙara. Mutanenmu kuma ba su san bambanci ba. Akwai wani Mafuru mai shago, kansa kamar tulu, ciki ma kamar tulu."

Bakin ruwa ya ɗauki ihu. Masu taru suka kwanta a kan taru. Baba Mafuru ya shafa kansa yana waige-waige.

"Gidan rediyon da ka ce za ka fa, Baba?" in ji saurayin cikin lasifika. "Ga shi can, tsallaken titi."

Wata mota ta yi hon.

"Na je," in ji muryar Kawu, ƙasa-ƙasa. "Mai gadi ya ce me ke tafe da ni. Na buɗe baki in faɗi sunan yaron, ya ƙi fitowa. Ni na koya masa tuƙin kwale-kwale, ka gane? Na koma sau biyu. Naɗe mini na'urorin duka biyu."

Dariya ta tsaya a maƙogwaron mutane. Ban kalli Mama ba, ƙasa na kalla. Sai akwatin ashana, da ba ya da kunya, ya saki kiɗan Kwango.

Nyamisi ba macen da tausayi ke mantar da ita abin da ya kawo ta ba ce. Ta zaga bayan shago, ta ga takalmi mai igiya ya leƙo daga ƙarƙashin kwale-kwale. Ita kaɗai ta ɗaga shi ta kifar gefe.

"Me ya ce? Machumu, me mutumin Geita ya ce?"

"'Yata, matsalar na'ura ce, ana samun haka ko a Turai..."

Ta ɗauki daron kifi. Baba Mafuru ya fito da tsintsiya yana cewa, "Tulu ko? Zo ka sha ruwa!" Kawu ya duba dama, ya duba hagu, ya ga hanya ɗaya ce ba mutum, ya bi ta. Bai tsaya ba sai da ruwa ya kai masa wuya. Farar igiya na yawo a gefensa kamar tsutsar ƙugiya.

Wani ya fizge wayar batir, rediyon birni ya dawo. Anti Zawadi ta riga ta wuce, tana gaida wasu 'yan makaranta. Nyamisi ta zaro wayarta daga ƙirji. Layin nan mutum kan wuni yana bugawa bai shiga ba, amma ina jin shi ma tsoronta yake ji. Bugu ɗaya, sai ga muryarta a lasifika.

"Anti, Nyamisi ce. Ki maimaita! Ba mu ji ba. Wani tsohon banza a nan ya hau kan lambarku da bunsuru."

"Da me?" Anti Zawadi ta ƙyalƙyale da dariya. "Ya hau lambarmu? To shi me yake son faɗa har ya sha wannan wahala? Ba shi wayar mana."

Nyamisi ta sauke wayar daga kunne. Ta juya ta dubi Mama. Kowa ya dubi Mama. A hankali ta miƙa mata wayar da hannu biyu.

Mama ta karɓa, amma ba ta kai kunne ba. Ta taka har inda ruwa ke lasar yashi.

"Machumu. Fito. Kai na aika."

Ya fito. Ruwa na zuba daga aljihunsa, ciyawar ruwa a kafaɗa, rabin kwat. Ya karɓi wayar. Na jira in ji tsohon mataimakin mai yankan tikiti.

"Fitilar Tafki na Ukerewe ya rasu," in ji Kawu. "Ruwa ne. Addu'a ranar Asabar a gidan uwarsa. Tana gaishe ku."

Tunda nake ban taɓa jin ya yi magana gajeriya haka ba. Sannan Anti Zawadi ta ce, da wata murya dabam, "Allah ya ji ƙansa. Layi a buɗe yake."

Uwar Tagwaye ce ta fara shigowa, ba ta iya gama maganarta ba. Malam Farin Alli ya ce zai rufe aji ya taho. Direba Ba Birki ya ce, "Mama, ranar Asabar zan taka birki a ƙofar gidanki." Wasu ma ba mu taɓa jin sunansu ba, daga tsibiran da sai an kwana a ruwa. Mama na tsaye tana gyaɗa kai ga kowanne kamar suna ganinta. Da aka kusa rufe fili ta ce, "To. Sun ji."

Nyamisi ta share ido da bakin zane, ta fizge wayarta ta sake bugawa.

"Anti, ni ce dai. Mutumin Geita fa?"

"Af, na manta. Ya ce in faɗa miki a gaban duniya cewa busasshen kifin da kika aika ya ƙare, ki aiko wani."

Baba Mafuru ya yi ta dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Ranar Asabar jirgi ya sauke mana baƙi har shinkafa ta kasa, aka shiga maƙwabta aron tukwane. Direba Ba Birki ashe wani ɗan tsamurmurin tela ne da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Malam Farin Alli kuwa malamin ne da gaske, har da allin a gashi. Kawu ya tsaya a bakin jirgi da aron kwat yana karɓar kowa.

"Sannunku da zuwa. Ni ne Machumu da kuka ji. Tashata ce ta fara ɗauko zancen, na birni suka karɓa daga wurinmu."

"Tashar tana ina yanzu?" in ji Baba Mafuru.

"Ana gyara."

Bayan addu'a, Uwar Tagwaye ta matso kusa da Mama a kan tabarma. Doguwar mace ce mai furfura, tagwayen nata har sun yi aure. Ta riƙe hannun Mama ta ce, "Yaya, ki yafe mini tambaya. Shekara nawa ina tsokanar yaron nan ban taɓa ganinsa ba. Yaya kamanninsa?"

Mama ta duba cikin taro har idonta ya faɗo kaina, ina raba ruwan sha.

"Kamar wancan. Sai dai ya fi shi faɗin kafaɗa, kuma ya fi shi dariya."

Matar ta kira ni, ta kama fuskata da tafin hannu biyu ta daɗe tana kallo. Tela da malami suka matso su ma. Ban san inda zan sa idona ba.

Sai ga kan Kawu ya ratso tsakaninsu, da shinkafa a baki.

"Hancin nawa ne," in ji shi. "Ku duba da kyau. Duk gidan nan ni na ba su hanci."

Mama ta dube shi, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba mu ji ba tun farkon damina. Ta yi ta yi har ta jingina da kafaɗar baƙuwarta.

"Wannan kam," in ji ta, "gaskiya ya faɗa."